Cameron ko Hidalgo: ina za ka yada zango a bakin kogin Rio Grande?

A ƙarshen kudancin jihar Texas, inda kogin Rio Grande ya shata iyaka tsakanin Amurka da Meziko kafin ya zube a teku, akwai gundumomi biyu da ke jingine da juna. Cameron tana gabas, a bakin teku. Hidalgo tana yammacinta, can cikin tudu. Babban garin Cameron shi ne Brownsville, yana kallon Matamoros ta tsallaken kogi. Hedikwatar Hidalgo tana Edinburg, amma McAllen ne ya fi cika da jama'a, kuma Reynosa ce maƙwabciyarsa ta ɓangaren Meziko. A ƙidayar 2020 Cameron na da mutum kusan 421,000, Hidalgo kuwa ta ninka ta, kusan 871,000. Daga Brownsville zuwa McAllen tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, wajen kilomita 95.

Wannan kusanci ne ke sa baƙo ya ɗauka duk inda ya sauka daidai ne. Amma wanda ya samu hutun kwana uku ko huɗu daga Houston yana son ganin tsuntsayen da ake ta labari, ko ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Texas ta Rio Grande Valley, wadda ke da haraba a Edinburg da kuma Brownsville, zai tarar cewa kilomita 95 ɗin nan sun isa su canza masa iskar da zai shaƙa da dabbobin da zai haɗu da su. Ra'ayina tun daga farko shi ne: Hidalgo ta fi ba ka tabbacin gani, Cameron ta fi faɗi da yawan iri, sai dai tana buƙatar haƙuri da sa'a.

A fara da yanayi, domin shi ke juya komai. Gundumomin biyu suna wajen digiri 26 ne arewa da tsakiyar duniya, ga su shimfiɗe ba tudu ba gangare. Rani mai tsawo ne, hunturu gajere mai laushi. A watan Janairu rana takan kai digiri 21 ko 22 a ma'aunin Selshiyas a duka biyun, dare ya sauka wajen 10 zuwa 12. Saboda haka ne tsofaffi daga jihohin arewa da Kanada ke tururuwa kowace shekara da manyan motocinsu masu ɗakin kwana, su yi sanyin a nan, su koma gida idan bazara ta shigo. A hunturu, in dai zafi da sanyi ne, da wuya ka bambance Brownsville da McAllen.

A rani ne bambancin ke fitowa fili. Iskar da ta fi kaɗawa a yankin daga kudu maso gabas take zuwa, daga teku, kuma Cameron ce ke fara cin moriyarta. A watan Agusta zafin rana a Brownsville yakan tsaya wajen digiri 35, a tsibirin South Padre ma bai cika wuce 32 ba. Kafin iskar ta isa McAllen ta ratsa gonaki da kwalta ta ɗumame, sai ka ga 37 ko 38 kusan kullum, 40 kuma ba baƙon abu ba ne. Kada wanda ya saba da zafin Afrilu na arewacin Najeriya ya ce wannan wasa ne. Zafin nan da laima yake tafe, gumi ba ya bushewa, riga takan manne a jiki tun da hantsi. Brownsville ta fi laima, McAllen ta fi ƙuna. Wanda jikinsa ba ya jure cunkushewar iska zai sha wuya a duka biyun daga Yuni zuwa Satumba, amma a bakin teku akwai iskar yamma da ke kawo sauƙi, abin da Edinburg ba ta samu yadda ya kamata.

Ruwan sama ma yana raguwa ne yayin da kake nausawa yamma. Brownsville na samun kimanin milimita 680 a shekara, McAllen wajen 560. Satumba ne watan da ya fi ruwa. Matsalar ita ce ruwan ba ya zuwa a tsare. Sai a yi watanni ƙasa na tsagewa, sannan a kwana biyu a yi kamar da bakin ƙwarya, kuma tun da ƙasar shimfiɗe take, ruwan ba shi da inda zai gudu. A nan mutane kan yi kuskuren lissafi, su ce Cameron ce mai haɗari saboda mahaukaciyar guguwar teku, Hidalgo kuwa lafiya lau. Gaskiya ne guguwa ta fi dukan gaɓa: Beulah ta shigo ta bakin kogin a 1967, Dolly ta sauka a South Padre a Yulin 2008. To amma ambaliyar Yunin 2018 garuruwan Hidalgo irin su Weslaco da Mercedes ta fi shafa, guguwar Hanna ta 2020 ma ta cika unguwannin Mission da ruwa. A Maris na 2025 kuma Harlingen, wadda ke cikin Cameron amma nesa da teku, ta nutse. Don haka mai neman gidan haya, a kowace gunduma yake, ya tambayi maƙwabta ko ruwa na kwanciya a layin kafin ya biya kuɗi. Wannan tambayar ta fi sunan gundumar muhimmanci.

Sai kuma sanyin ba-zata. Wani lokaci iska mai sanyi takan gangaro daga arewa, cikin 'yan awoyi ta mayar da ranar ɗumi ta koma ta rigar sanyi. Yawanci kwana biyu ne ta wuce. Amma jefi-jefi takan zo da ƙanƙara ta yi ɓarna. Sanyin 1983 da na 1989 sun kashe gonakin lemo masu yawa, waɗanda su ne abin alfaharin Mission da kewaye. A daren Kirsimetin 2004 dusar ƙanƙara ta sauka a Brownsville, karon farko da aka iya auna ta tun 1895. Na Fabrairun 2021 kuwa har yanzu ana maganarsa. Kunkurun teku ba ya iya motsi idan ruwa ya yi sanyi ƙasa da digiri 10, sai ya sandare ya taso sama kamar matacce. A makon wancan sanyin mutanen South Padre, masunta da masu jiragen ruwa da 'yan sa-kai, suka tsamo sama da 5,000, suna loda su a bayan motoci. Cibiyar Sea Turtle Inc., wadda Ila Loetscher ta kafa a 1977, ta cika, sai aka shimfiɗa sauran a daɓen babban zauren taron tsibirin, jere-jere, har ruwa ya ɗumama.

Yanzu ga dabbobin. Abin da ya sa masu kallon tsuntsaye daga ko'ina suke zuwa wannan lungu shi ne nan ne iyakar arewa ta tsuntsayen Meziko da Amurka ta Tsakiya da dama. Ba sa wuce nan, don haka duk Ba'amurken da ke son ganinsu a ƙasarsa dole ya gangaro. Ga kuma hanyoyin ƙaurar tsuntsaye biyu da suka haɗu a wurin. Asalin dajin na ƙaya ne, cunkushe, da itatuwa irin su meskit, dangin kirya, da huisache, dangin bagaruwa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na wannan daji an sare shi don noma da gine-gine. Abin da ya rage 'yan tsibirai ne a tsakiyar gonaki da unguwanni, kuma yadda tsibiran nan suke a kowace gunduma shi ne ainihin abin da za ka zaɓa a kai.

Na Hidalgo ƙanana ne, suna jere a bakin kogi, kuma tsuntsaye sun taru a cikinsu. Gandun Santa Ana, kusa da garin Alamo, an kafa shi a 1943, eka 2,088 ne kacal, amma an ga nau'in tsuntsu kusan 400 a cikinsa. Akwai hasumiya da gadar igiya da ke ratsa saman itatuwa, ga wani farin gansakuka da ke rataye a rassa. A Mission akwai gandun Bentsen, wanda iyalin Bentsen suka ba da filinsa a 1944. Ba a shiga da mota, sai da ƙafa ko keke ko ƙaramar motar gandun, kuma wannan shirun yana da daɗi ƙwarai. A watannin sanyi ma'aikata kan soke ɓarin lemo a kan ƙusa, su shafa tunkuzar gyaɗa a kututture, kai kuma ka zauna a benci taku kaɗan daga wurin. Ba za ka daɗe ba green jay zai sauko: baya kore, kai shuɗi, maƙogwaro baƙi, gefen wutsiya rawaya, ya ɗauki loma ya yi tsalle gefe. Sai kiskadi mai rawayan ciki ya zo yana ihun sunansa. Sai cacalaka, mai kama da siririyar kaza mai doguwar wutsiya, su fito garke guda daga ƙarƙashin ƙaya suna ture juna. Da asuba idan suka fara kururuwa tare, ba mai iya ci gaba da barci a kusa. Wani lokaci har javelina, wata dabba mai kama da ƙaramin aladen daji, takan zo kalen abin da ya zube.

Wannan shi nake nufi da tabbaci. Mutumin da bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba, ko mai tafe da yara, ko dattijon da ba ya iya doguwar tafiya, zai ga abin da ya zo gani a safiya ɗaya. A Estero Llano Grande da ke Weslaco, tun daga barandar ofishin kana kallon tafki cike da agwagi da zalɓe. Idan ka taka zuwa tafkin kadoji, akwai wani yautai da ake kira pauraque wanda ke kwana a ƙasa cikin busassun ganyaye a gefen hanya. Launinsa ya saje da ganyen har za ka iya zura masa ido daga taku uku ba ka gan shi ba, sai wani ya nuna maka da yatsa, sannan ka ga idon a lumshe. Ga masu son malam-buɗe-littafi, cibiyarsu ta ƙasa tana Mission, kuma Oktoba zuwa Nuwamba ne lokacinsu; yankin na da kusan nau'i 300. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu, sannan a Satumba da Oktoba, shahuna masu ƙaura kan ratsa sama dubbai, suna juyi a kan iska mai ɗumi, kuma hasumiyoyin Santa Ana da Bentsen ne wurin tsayawa. Ko cikin garin McAllen, da magariba korayen ƙananan aku kan cika wayoyin lantarki a titi na 10.

Abin da Hidalgo ba ta da shi shi ne sarari. Ka fito daga gandu, minti biyar kana cikin cunkoson motoci da kantuna. Kuma ba ta da teku.

Cameron ta sha bamban. Gandun Laguna Atascosa, wanda aka kafa a 1946, ya haura eka 97,000, wato ya ninka Santa Ana sama da sau arba'in. An rubuta nau'in tsuntsu fiye da 400 a cikinsa, kuma shi ke kan gaba a duk gandunan gwamnatin tarayya ta wannan fuska. Amma a fili mai faɗi haka, tsuntsayen a warwatse suke. Za ka yi tafiya, iska na dukan ka, ka duba nesa. Abin da za ka samu a madadin wahalar ya cancanta. Tsakanin gaɓa da tsibirin Padre akwai Laguna Madre, wani siririn ruwa marar zurfi wanda gishirinsa kan fi na teku, irinsa kaɗan ne a duniya. Ciyawar da ke ƙasansa ce ke ciyar da mafi yawan agwagi masu jan kai na Arewacin Amurka a lokacin sanyi. Idan suka taso neman ruwan daɗi sai sama ta yi duhu-duhu. Ga kwasakwasa, ga wani tsuntsu ruwan hoda mai baki kamar cokali. A filayen ciyawa na bakin teku kuma akwai shahon aplomado, wanda ya ɓace daga Texas a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, aka dawo da shi ta hanyar kiwo da saki. Wani yanki na gandun, Bahia Grande, ya bushe tun shekarun 1930 bayan an haƙa hanyar jiragen ruwa ta Brownsville, ya zama tushen ƙura ga garuruwan kewaye, sai a 2005 aka sake buɗe masa ruwa, kifi da tsuntsaye suka dawo.

Sai maganar osilot, ƙaramar damisar nan mai zane-zane wadda hotonta ke kan kowace takardar talla ta yankin. A duk Amurka wuri biyu kawai aka san tana haihuwa: Laguna Atascosa da wasu gonakin kiwo masu zaman kansu a gundumomin Willacy da Kenedy, arewa da Cameron. Duka-duka ba su wuce kimanin ɗari ba. Da dare suke fita, cikin ƙayar da mutum ba ya iya kutsawa suke zama. Ina roƙon duk mai shirin tafiya da kada ya zaɓi Cameron don yana sa ran ganin ta, domin ma'aikatan da suka shekara a gandun ma yawanci a hoton kyamarar da aka ɗaure a itace suke ganin ta. Abin da za ka gani shi ne allunan gargaɗi a titi da ramukan da aka gina ƙarƙashin babbar hanya mai lamba 100 domin ta riƙa tsallakawa, saboda mota ce babban abin da ke kashe ta. Idan ka bi hanyar da dare, ka rage gudu. Wata kyanwar dajin, jaguwarundi, rabon da a tabbatar da ita a Texas tun 1986, ita ma mota ce ta buge ta kusa da Brownsville. Abin da ya fi sauƙin gani shi ne nilgai, ƙaton gwankin Indiya da aka kawo gonakin kudancin Texas wajen shekarun 1930, ya bazu, yanzu makiyaya na kuka da shi saboda kaskar da yake yaɗa wa shanu.

Cameron ma tana da nata 'yan wuraren na kusa-kusa. Kurmin Sabal Palm a kudu maso gabashin Brownsville, eka 557, yana cikin ragowar dajin wata bishiya mai ganye irin na giginya wadda a da ta rufe bakin kogin. Yana bayan katangar iyaka ne, ta wata kafa a jikinta ake shiga, duk da cewa ƙasar Amurka ce. Garin Brownsville kansa cike yake da resaka, wato tsofaffin hannuwan kogi da suka zama tafkuna masu lanƙwasa a tsakiyar unguwanni. Kuma da faɗuwar rana, aku masu jan goshi kan taru a filin shaƙatawa na Oliveira da hayaniya mai cika kunne. A ƙasarsu ta asali, arewa maso gabashin Meziko, sare daji da kamun sayarwa sun kusa ƙarar da su, a nan kuwa sun samu wurin zama.

Amma babban abin da Cameron ta fi Hidalgo da shi wata ɗaya ne: Afrilu. Ƙananan tsuntsaye kan taso daga kudu su ratsa teku cikin dare ba hutawa. Idan suka ci karo da iskar arewa ko ruwan sama, sukan faɗo a kan itacen farko da suka gani, kuma 'yan itatuwan da ke South Padre, musamman na kusa da zauren taro, su ne na farkon. A irin wannan rana za ka ga tsuntsaye ja da shuɗi da rawaya zube a kan ciyawa kusa da ƙafarka, gajiya ta hana su tsoron mutum. Ba kullum ake dacewa ba, sai yanayi ya haɗu. Daga Afrilu zuwa Yuli kuma kunkurun Kemp's ridley, wanda ya fi kowane kunkurun teku fuskantar ƙarewa, kan fito yashi da rana tsaka ya yi ƙwai.

Kowace gunduma tana da abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya, kuma ya kamata mai zuwa ya sani. A Hidalgo katangar iyaka ce da yaɗuwar gari. Majalisar dokokin Amurka ta cire Santa Ana a 2018, sannan a 2019 ta haɗa da Bentsen da cibiyar malam-buɗe-littafi, daga wuraren da za a gina katanga da kuɗin waɗannan shekarun, amma a wasu wuraren katangar ta raba daji da kogi, dabba ba ta iya kai wa ga ruwa ko gudun ambaliya. A Cameron kuwa, kamfanin SpaceX ya kafa sansanin harba roka a Boca Chica, a tsakiyar filayen da tsuntsayen gaɓa ke kiwo, kuma akan rufe hanyar zuwa bakin tekun idan ana gwaji. Ruwan kogin kansa ya zama abin rigima tsakanin ƙasashen biyu a ƙarƙashin yarjejeniyar rabon ruwa ta 1944. Ƙarancinsa ne ya rufe masana'antar sukari ta ƙarshe a Texas, a Santa Rosa, a 2024. Sauro kuma ya fi yawa a gaɓa, musamman bayan ruwa, kuma a Brownsville aka samu cutar Zika ta farko da sauron gida ya yaɗa a jihar, a 2016. Maganin shafawa da doguwar riga ba abin wasa ba ne. A duka biyun, ka riƙa duba inda kake taka ƙafa, akwai maciji mai kacau-kacau a wutsiya.

To, wanne za ka ɗauka? Idan zuwan farko ne, kwanakinka kaɗan, kuma tsakanin Nuwamba da Fabrairu za ka zo, ka sauka a Hidalgo, ka yi Bentsen da Santa Ana da Estero Llano Grande, safiya ɗai-ɗai. Idan a Afrilu ne, ko kana son sarari da teku da tsuntsayen ruwa, kuma ba ka damu da yini guda ya wuce ba ka ga wani abin kirki ba, Cameron ce taka. Idan zama za ka yi na shekaru, ni Cameron zan nuna maka saboda iskar teku, matuƙar ka yarda cewa daga Yuni zuwa Nuwamba kunnenka na kan labarin guguwa. Wanda ya fi son babban gari da kasuwa da yawan jama'a zai fi jin daɗin McAllen da Edinburg, ya haƙura da ƙarin zafin. Yuli da Agusta kuwa, in dai don dabbobi ne, ban ba kowa shawarar zuwa ba, sai mai son ganin sakin jariran kunkuru a bakin teku.

Wanda ya kasa yanke hukunci ya kama masauki a Harlingen ko Weslaco, suna tsakiya, daga nan mafi yawan gandunan ba su wuce awa ɗaya ba. A Harlingen ne ma ake bikin masu kallon tsuntsaye kowane Nuwamba. Mota dole ce a kowane hali. Kuma baƙon da ba ɗan ƙasa ba ya riƙe fasfo da takardun izininsa a jikinsa, domin ko bai tsallaka Meziko ba, idan zai koma arewa ta mota sai ya tsaya a shingen jami'an iyaka, na Sarita idan daga Brownsville ya taso, na Falfurrias idan daga McAllen.